Da wace kalma za mu kira "backup" da Hausa?

Jama'a, ina cikin fassara wani bayani a kan yadda kwamfutocin da ke haɗe a layi ɗaya suke tura kwafin bayanansu cikin dare zuwa na'urar kaset da ke wani gini dabam, sai wannan kalma ta tsayar da ni.

Da farko na rubuta "ajiya", daga baya na goge. Wanda ya ba da ajiya ya rabu da kayansa ke nan har ranar da zai je karɓa, alhali a nan fayil yana nan daram a kwamfutar mai shi, kwafinsa kaɗai ne ya tafi. "Madadi" ya ɗan matso, sai dai madadi yana iya zama wani abu dabam da ya cike gurbi, mu kuwa ainihin bayanan muke so su dawo, harafi da harafi.

Shawarata ita ce "kwafin ko-ta-kwana". Ba wanda yake yin sa don ya buɗe gobe da safe; ana yin sa ne saboda ranar da faifan kwamfuta zai mutu, ko gobara ta tashi, ko ɓarayin intanet su kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, kuma kaset ɗin da aka zare aka kulle a kabad hannunsu ba ya kai gare shi. Idan an kwashi komai da komai, "cikakken kwafi" ne. Idan abin da ya sauya tun kwafin jiya kawai aka ɗauka, sai mu ce "kwafin ƙari". Dawo da bayanan kuma "maidowa" ta wadatar.

Wani ɗan'uwa ya ce "kaset" na tuna masa da rikoda. Ai aikin ɗaya ne: zaren maganaɗisu ne da ake karantawa bi da bi, sai an tariyo kafin a kai ga fayil ɗin da ake nema. Girman cikin ne ya sauya, domin kaset ɗin LTO (wani nau'in kaset na adana bayanan kwamfuta) na farko a shekarar 2000 gigabait 100 yake ɗauka, LTO-9 na 2021 kuwa terabait 18, wato gigabait dubu goma sha takwas.

Na yarda kalmar tana da tsawo, amma ku gwada ta a baki: "An tura kwafin ko-ta-kwana zuwa na'urar kaset ta nesa." Wanda ya ji ta yi masa nauyi, ya kawo tasa mu auna.