Hular kwano za ta raba 'yan rugby da rauni?

Aminu Kawo: Jama'a, raunin da 'yan rugby (wasan nan da ake gudu da ƙwallo a hannu ana kama juna) ke ji taurin kai ne kawai. Ƙato ya kwaso da gudu ya gabza maka karo, kai a buɗe. Su sa hular kwano irin ta 'yan ƙwallon Amurka mana, magana ta ƙare.

Malam Shehu: Aminu, hula ƙoƙon kai take karewa. In an yi karo, ƙwaƙwalwa a ciki take girgiza ta bugi ƙashi. Su Amurkawan da hular tasu suke fama da wannan matsala.

Aminu Kawo: Ai gara da babu, Malam.

Zainab U/Rimi: Ba lallai ba, Yaya Aminu. Wanda ya ji kansa a rufe sai ya mai da shi makami. Ita ma 'yar hular soson da Cheslin Kolbe na Afirka ta Kudu ke sawa, yanka da kunne take tsarewa. Ka lura da kunnuwan masu haɗa kai su yi ture? Jini ke taruwa ya daskare, kunne ya dunƙule, ba ya komawa daidai.

Bala Barnawa: Kun dage kan kai. Gocewar kafaɗa fa, da targaɗen idon sawu? Jijiyar gwiwa in ta tsinke sai tiyata, mutum ya yi wata tara yana kallo daga benci.

Malam Shehu: Wannan ana gani, Bala, a nufi asibiti, wasu ma wurin mai ɗori. Na ƙwaƙwalwa ba kumburi ba jini. Steve Thompson ya ci kofin duniya na rugby da Ingila a 2003. A 2020 ya bayyana cewa yana fama da cutar mantuwa, ko wasannin gasar ba ya tunawa. Lokacin shekararsa 42.

Aminu Kawo: Subhanallah. To in ba hula ba, me?

Zainab U/Rimi: Doka. A 2023 hukumar rugby ta Ingila ta hana kama mutum sama da ƙasan ƙirji a wasan da ba na ƙwararru ba. A manyan wasanni kuma wanda ya bugu a kai ana fitar da shi minti 12, likita ya gwada shi.

Bala Barnawa: Can ke nan. A nan Kaduna, ko a ƙwallon ƙafa, yaro ya bugu ruwan leda za a kwara masa ya koma fili. Wane likita?

Zainab U/Rimi: Ko ba likita, Bala. In yana tangaɗi, ko amai, ko ya fara tambayar wa ke ci, a fitar da shi. Ranar ba ya komawa, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau.