Filin tsakar dare ko taimaka wa mai shirin safe?

Sabuwar_Murya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kai wa rediyon jami'armu samfurin shiri na minti 10 kan lafiyar ɗalibai, suka ba ni zaɓi biyu: ko in riƙe filina ni kaɗai, ƙarfe 12 zuwa 1 na daren Laraba, ko in yi zango guda ina taimaka wa mai shirin safe. Duk aikin sa kai ne. Ina da lacca ƙarfe 8 ranar Alhamis. Wanne zan ɗauka?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Fara sauke Audacity, manhajar gyara sauti ce, kyauta ce, ki koyi gyara murya. Kuma kada ki manna baki a makirfo, ki bar tazarar kamar ɗani guda.

Tsohon_Mai_Gabatarwa: Ƙanwata, ko wanne kika ɗauka, a rubuta a takarda cewa shirin naki ne. Ni shekara biyu na yi a wata tashar al'umma, ni ke nemo baƙi, ni ke rubuta tambayoyi, kuɗin mota daga aljihuna. Ranar da aka samu mai ɗaukar nauyi sai aka miƙa shirin ga wani, har da sunan da na raɗa masa. A rediyo na ji, ba wanda ya kira ni. Har yau abin na ci mini rai.

Maman_Yara: Allah ya saka maka, Yaya. Amma ai an horar da kai kyauta.

Tsohon_Mai_Gabatarwa: Wane kyauta? Sai da na biya kuɗin horo.

Injiniya: Mu ba mu biya ko sisi ba. Yallaɓai, taka tashar gari ce, ita ta jami'a take tambaya.

Tsohon_Mai_Gabatarwa: Kai da ke bayan na'ura, ka taɓa riƙe awa guda kai tsaye baƙo bai zo ba?

Ɗan_Barkwanci: Ƙarfe 12 na dare kam masu gadi da sauro za su zama manyan masoyanki.

Maman_Yara: Ni ba ma wannan ya dame ni ba, masu kiran waya ne. Mutum ya ɗauki minti uku yana gaishe da dangi, rediyonsa a kunne tana ƙara, ka katse shi ya yi fushi.

Injiniya: Wallahi kullum sai na ce a rage murya, ba sa ji.

Sabuwar_Murya: Don Allah maganar laccar Alhamis fa? Gobe zan ba su amsa.