Gabana yana faɗuwa ba dalili, asibiti kuma sun ce ƙalau nake

'Yar Bolari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Tun bayan ƙaramar sallah abin nan yake taso mini. Ina zaune kan keken ɗinki, ba abin da ya faru, sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, yatsuna da leɓɓana su sage, zufa ta keto. Wallahi kalmar shahada nake yi, don ji nake mutuwa ce ta zo. Can sai ya lafa, ya bar ni a galabaice. Na je asibiti, an auna jini, an yi gwajin zuciya, an ce ƙalau. Surukata ta ce iska ce, an kawo rubutu da hayaƙi. Yanzu ko babbar kasuwa ba na shiga sayen zare, ƙanwata nake aika, don kada ya kama ni cikin jama'a. Akwai wanda ya san wannan?

Nas daga Pantami:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon firgici, kuma muna ganinsa sosai, mata sun fi maza kamuwa. Jiki yana da shirin da yake yi idan ya hangi haɗari: ya saki sinadarin adrenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru. A wannan ciwon shirin ne yake tashi babu haɗarin, kamar mai gadin da ke busa usur ba ɓarawo. Yawanci yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya sauka da kansa. Sagewar yatsu da leɓɓan nan kuwa saurin numfashi ne ke kawo su. Idan ya taso, ki ja iska a hankali ta hanci, ki fitar da ita ta baki a hankali fiye da yadda kika ja. Shi kansa firgicin ba ya kisa. Amma ki koma a duba miki ƙarancin jini, sukari, da tayirod, ƙullutun nan na wuya mai kawo maƙoƙo, don suna kawo irin wannan bugun. Abin da ya fi damuna shi ne kasuwar da kika daina zuwa. Duk wurin da kika guda, tsoronsa ƙaruwa yake. Ki fara zuwa tare da ƙanwar taki, da safe kafin cunkoso, ko bakin kasuwar ne.

Direba, Jekadafari:
Hajiya, na sha fama da shi, a hanyar Bauchi ya fara kama ni wajen Alkaleri, sai da na faka. Goro, shayi mai kauri da lemun ƙara kuzari nake dirka, ga kuma rashin barci. Da na rage su na samu sauƙi. Don Allah kada ki yarda wani ya ce ki sayi Valium, maganin kwantar da hankali, a kemis, jiki sabawa yake yi da shi har a kasa dainawa.

Malamin Islamiyya:
Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki kuma nemi magani. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Wannan ba raunin imani ba ne.

'Yar Bolari:
Na gode, Allah ya saka. Anti Nas, maigidana ne ke jin nauyi, wai za a ce matarsa ta je wajen likitan mahaukata.

Nas daga Pantami:
Ki tafi da shi ya ji da kunnensa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, kuma da yawan masu zuwa can rashin barci ne da damuwa ke kai su. Za a zauna da ke a koya miki yadda za ki tunkari abin, in da buƙata a haɗa da ƙwaya. Ita ƙwayar takan ɗauki makonni kafin ta fara aiki, kada ki yar da ita a satin farko.