Yaron da ba ya doguwar gaisuwa: muhawara a zauren dangi

Alhaji mai shago: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana a gaban kowa, kada gobe a ce na yanke zumunci a ɓoye. Yaron Yaya da na ɗauka shagon gyaran wayata a Farm Centre, yau wata bakwai, ƙarshen watan nan zan mayar da shi gida. Kasuwa ba wurin mai irin lalurarsa ba ce. Kwastoma zai yi sallama, ya amsa da kalma ɗaya kansa na kan bodin wayar da yake gyarawa, ba ina gajiya, ba ya iyali. Ana tada janareto sai ya toshe kunne ya fice. Jiya wani yaro ya ari sukudirebansa ya ajiye a wani wurin, har la'asar bai iya taɓa aiki ba.

Kawu: Gaskiyarka. Tun yana ƙarami na ce a dage da ruƙiya, ba a ji ba. A Kano wanda bai iya gaisuwa ba bai iya ciniki ba.

Anti ma'aikaciyar jinya: Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ka ba. Addu'a ba mai hana ta, amma likita ya duba yaron nan a Asibitin Malam Aminu Kano ya faɗi sunan abin: otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Ba iska ba ce, ba kuma sakacin uwa ba. Da shi ake haihuwar mutum, ƙwaƙwalwarsa tana karɓar ƙara da haske da maganar mutane ta wata hanya daban da tamu. Ƙarar janareton da mu muka saba da ita, shi ciwo take yi masa na gaske. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da shi. Ku lissafa yaran Fagge da Gwale kaɗai. Duk gida za a zaunar da su?

Gwaggo: Ni tambaya ɗaya gare ni, Alhaji. Wayar da ya gyara, nawa aka dawo maka da ita?

Alhaji mai shago: Gwaggo, tsakani da Allah, ba na tuna ko ɗaya. Hannunsa a dalma ya fi na yarana biyu da suka shekara uku. Wayar da ta faɗa ruwa, wadda wasu suka ce ta mutu, zai zauna kanta awa huɗu ko ruwa bai sha ba sai ta kawo wuta. Ban raina aikinsa ba. Amma makon jiya yarona yana tsaka da ciniki, shi kuwa ya ɗago ya ce wa matar sikirin ɗin ba na asali ba ne. Ta kwashi jakarta ta tafi.

Malam: To ai a nan ba shi ne da gyara ba, Alhaji. Ka yi haƙuri da ni, ɗan uwa ne yake faɗa maka.

Kawu: Malam, akwai faɗin gaskiya, akwai sanin lokacin faɗinta. Shi bai san na biyun ba, kuma ba zai sani ba.

Malam: Kawu, Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne. A kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Ba tausayi kawai aka bar shi da shi ba: ladanci aka ba shi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. An duba abin da yake iyawa aka ɗora masa.

Auta: Ko a waje haka suke yi yanzu. Kamfanin SAP na Jamus ya fara shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft ya bi a 2015. Sun gane cewa ganawar neman aiki, ta surutu da kallon ido, ita ke kayar da su, sai suka koma ba mutum aikin a ga hannunsa. Mu ma muna da doka: Buhari ya sa hannu a Janairun 2019 kan wadda ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, har ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Alhaji mai shago: Auta, ni ba Microsoft ba ne. Shago ɗaya ne, bencina uku, kuɗin haya na jirana.

Anti ma'aikaciyar jinya: Ni ma ba na son a riƙa kawo labarin manyan kamfanoni kamar kowane mai otizim gwani ne. Wani ko magana ba ya yi, sai an kula da shi har tsufa, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Namu dai muke magana. Abin da yake buƙata, Yaya Alhaji, bai kai kuɗin man janaretonka na mako ba. Mayar da bencinsa can ciki, nesa da ƙofa. A samo masa abin toshe kunne irin na masu aikin inji a Sharaɗa. Akwatin kayan aikinsa a bar masa, kada kowa ya taɓa. In za ka ba shi aiki, rubuta masa a takarda: wannan caji, wannan sikirin, ƙarfe kaza za a karɓa. Kada ka ce “ka ɗan duba wannan in ka samu dama”, don ba zai gane yanzu kake nufi ba. In gobe za a canza wani abu, faɗa masa yau. Kwastoma kuwa, ai kana da masu baki biyu a gaba.

Kawu: Sauran yaran fa? Za su ce ana fifita ɗan dangi. In dai za a riƙe shi don Allah, a ba shi kuɗin mota da na abinci, ya isa.

Yaya: Na yi shiru ne ina karantawa. Kawu, ka gafarce ni, ban saba sa baki a maganar yaron nan a gabanku ba. Shekara 22 ina jin ana cewa ban koya masa gaisuwa ba. Na koya. Har yau kafin ya fita sai mun maimaita a tsakar gida, ina kwana, an tashi lafiya, ya haddace, amma in mutum ya tsaya a kansa sai ta ɓace masa. Tunda ya fara zuwa shagon nan bai taɓa makara ba, ƙarfe bakwai yana bakin titi yana jiran adaidaita. Ba sadaka nake roƙa masa ba. In aikinsa na benci ya kai na sauran, a biya shi kamar sauran. In bai kai ba, Alhaji, ka faɗa mini, ni da kaina zan zo in tafi da shi.

Gwaggo: Wai duk cikinku akwai wanda ya tambaye shi abin da shi yake so?

Alhaji mai shago: Ban tambaye shi ba, Gwaggo. Yaya, aikinsa ya kai, har ya wuce. Anti, ki aiko da abin kunnen ranar Asabar, zan ja bencin ciki mu gwada zuwa bayan Sallah. Ban yi alkawarin abin da ya wuce haka ba.

Kawu: Ni ina kan bakata, kasuwa sai da baki. Allah ya sa ku ne da gaskiya.

Yaya: Maganar biyan fa, Alhaji?