AC yana sanyi a gefen fasinja, gefen direba kuma iska mai ɗumi: in ƙara gas da kaina?

Abu Khadija, Kano:
Assalamu alaikum. Motata Honda Accord ce ƙirar 2009, kuma tun da zafin bana ya kankama na lura cewa ƙofofin iska na gefen fasinja suna fitar da sanyi sosai, alhali na gefen direba iska mai ɗumi-ɗumi kawai suke hurowa, musamman idan na tsaya a cunkoso da tsakar rana. Na ga ana sayar da ƙananan gwangwanayen gas haɗe da tiyo da geji, shi ya sa nake neman shawarar masana: shin ƙarancin gas ne ke jawo wannan, kuma zan iya ƙarawa da kaina a gida?

Injiniya Sani, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne suka fi haifar da irin wannan matsala, kuma za ka iya bambance su ba tare da ka kashe ko sisi ba. Na farko shi ne ƙarancin gas, domin idan gas ya ragu yakan ƙare aikinsa tun a farkon ibafureta, wato ƙaramin lagireton sanyi da ke cikin dashbod, sai rabinsa ya yi sanyi, ɗaya rabin kuma iska ta ratsa shi ta fito yadda ta shiga. Na biyu ya shafi motocin da direba da fasinja kowa yake saita sanyinsa daban: akwai wata ƙaramar ƙofa da ke gauraya iskar sanyi da ta hita, kuma idan ɗan injin da ke juya ta ya lalace, sai ta maƙale tana sako zafi a gefe ɗaya.

Ka gwada da sassafe, kafin injin ya yi zafi. Idan ka tayar da mota ka kunna AC, ka ji gefen biyu sun yi sanyi daidai, sannan gefen direba ya fara ɗumama bayan ruwan lagireto ya ɗauki zafi, to ƙofar ce, kuma sau da yawa ana jin ƙarar ƙas-ƙas a bayan dashbod idan aka juya saitin. Idan kuwa tun farko akwai bambanci, to hankalina ya fi karkata ga gas.

Baban Walid, Zariya:
Ni dai na sha ƙarawa da kaina kuma lafiya lau. Sharaɗin shi ne ka tabbata gas ɗin R134a ne, wanda motoci irin taka ƙirar 2009 suke amfani da shi, sannan ka haɗa tiyon a bututu mai kauri, wanda murfinsa ke da alamar L, injin yana aiki, AC kuma a ƙarshen sanyi. Kada ka kusanci siririn bututun mai alamar H da gwangwani, domin matsin da ke cikinsa zai iya fasa shi a hannunka. Ka sa safar hannu da tabarau, saboda wannan gas yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, kuma idan ya taɓa fata yana ƙona ta.

Injiniya Sani, Kaduna:
Alhaji, gargaɗinka daidai ne, amma ban goyi bayan ya fara da gwangwani ba. Gas ɗin AC ba man fetur ba ne da aiki ke cinye shi. Idan ya ragu har sanyi ya rabu gida biyu, to akwai inda yake zurarewa, ko a zoben roba na mahaɗar bututu, ko a kwandensa, wato lagireton AC da ke gaban mota, idan tsakuwa ta huda ta, ko a bakin da ake ɗura gas ɗin, kuma tabon mai da ƙura ta manne masa ko kumfar ruwan sabulu sukan nuna wurin.

Sannan gejin gwangwani gefe ɗaya kawai yake aunawa, kuma a zafin Kano na watan Afrilu karatunsa yana hawa ko da gas ɗin bai cika ba. Adadin da ya dace da nauyi ake auna shi, an rubuta shi da giram a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Wanda ya zarce wannan adadi zai rage sanyin ne, ya kuma wahalar da kwamfaresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin yana zagayawa da shi, wadda ta fi komai tsada a cikin na'urar. Aikin da ya dace shi ne a toshe yoyon, a zuƙe iska da danshi da famfon zuƙa na kamar rabin awa, sannan a ɗura bisa sikeli. Tunda kuma ka ambaci cunkoso, Malam, ka duba ko fankar kwandensa tana juyawa, ka wanke ƙurar hunturun da ta toshe kwandensar.

Abu Khadija, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da safe, kuma tun daga tayar da mota gefen direba bai yi sanyi ba, fanka tana juyawa, amma na ga tabon mai a kusurwar ƙasa ta kwandensa. Zan kai ta wurin mai gyaran AC da ke da famfon zuƙa da sikeli. Injiniya, idan ta kama a canja kwandensa, sabuwa kake ba da shawara ko tokumbo?