Wa ya biya, wa bai biya ba?

Baban Ummi

Assalamu alaikum. Yau ni zan share fage. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya". Wanda ya karya, goro na kansa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai dare da rana, Sarki ɗaya.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da ya zo mana da hasken shiriya.

Ina da 'ya tana ajin ƙarshe,
WAEC ta ƙarato, ba ja da baya.

Bakwai na safe tana kan benci,
Ƙarfe biyu lesin ya ce ta tsaya.

La'asar ta zura hijabi a guje,
Ko loma babu, sai Islamiyya.

Jiya na same ta a kan tabarma,
Barci ya kwashe ta kan Iziyya.

Uwarta ta ce ko jakin fatake,
Mangala biyu kan kwantar da shi a hanya.

In cire ta daga Islamiyya har ta gama, ko in bar ta?
Malamai, ga ni da tambaya.

Gardin Gabas

Alhaji, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi.

Ka bar jaki kana dukan taiki,
Boko ya ci yini, ka tuhumi Islamiyya.

Ni shekara tara na yi a Barno,
Daga ƙolo har gardi a tsangaya.

Alu, ambaki, wau, zal muka fara,
Babbaƙu, farfaru, ba batun gajiya.

Mu yo kara mu hura wutar dare,
Hayaƙi a ido, allo a cinya.

Mu dafa tawada, mu fiƙe gamba,
Mu yi satu, mu wanke, mu sake biya.

Da asuba Alaramma na zaune,
Ka ci wasali ɗaya, ka sha tsumagiya.

Takardar shaida gara kan ci ta,
Abin da ke ƙirji shi ne dukiya.

Malama Uwar Khalifa

Allah ya ƙara hadda, Gardi. Ni mai alli ce, darasin addini nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati.

Hayaƙin kam ka ba mu labari,
Robar bara ce ka ɓoye a baya.

Ƙolon da ke tsaye ƙofar gidana,
Cikin hunturu: "Ko ɗan ƙanzo, Iya."

Shi ma ɗan wata ne, ta yi naƙuda tasa,
Ba a saukar da yunwa a wata aya.

Ni kuma darasina minti arba'in,
An tura shi ƙarshe, bayan an sha wuya.

Yara ɗari da 'yan kai a ajina,
Wasu a ƙasa, wasu a taga sun tsaya.

Farillan alwala su haddace tsaf,
A bakin famfo ba mai iya ɗaya.

Na kama yaro da hadisin amana,
Ya rubuto shi da biro a cinya.

Wallahi wannan ta ƙarshe ba ƙirƙira ba ce. Kun tuna hayaniyar 2017, kan yadda aka cusa darasin Musulunci da na Kirista a rumfa ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa? Malamai da limaman coci suka yi ca, aka raba su. An raba a takarda. A makarantarmu dai ko minti ɗaya bai ƙaru ba, malami ma ba a ƙaro ba.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa daga tsallaken iyaka. Mu nan tun 1957 aka buɗe madarasar Say, daga ita makarantun Faransanci da Larabci suka yaɗu. A wurinmu lakwal ita ce makarantar boko, mushe kuma malamin boko.

A lakwal ɗinmu mushe da ustaz,
Alli ɗaya ne, allon bango ɗaya.

Yaro ya yi lissafi da hantsi,
Fiƙihu ya biyo, a inuwa ɗaya.

Sai dai in ya gama ya fito nema,
Mai Faransanci zalla ke samun kujera.

Gwaggon Zariya

Ɗana, kujera ba ta zauna da "ya" ba. Goro ya hau ka, ga "ɗaya" har sau biyu. Baban Ummi, saurara. Jaji ita ce malamar da Nana Asma'u ke turawa ƙauye, 'yan taru kuma matan da ke karatu a hannunta.

Nana Asma'u ta sa wa jaji malfa,
Ta je ƙauye ga tsohuwa da yarinya.

'Yan taru na daka, suna raino,
Karatu na tafe, ba su ce sun gaza iya.

Kar ka cire ta, ka rage mata nauyi,
Asabar da Lahadi ma ai hanya.

Wadda aka ce "sai kin gama boko",
Na ga da yawa, ba su sake waiwaya.

Gardin Gabas

Malama, kin soke ni, kuma na ji. Amma a tambayi wanda ya sauke yaron a tasha.

Da can Alaramma na da gona,
Gari ya ci da almajiri, ba a jin kunya.

Yau uba ya kawo ɗa da riga guda,
Ko kwano babu, ya juya baya.

Gwamnati ta zo ta gina mana bene,
Da fanka da gado da allon zayyana, ka jiya?

Ba a ce Alaramma zo mu shawarta ba,
Aka yanke ƙyalle, aka kama hanya.

Ina nufin makarantun almajirai na zamanin Jonathan, irin wadda ya buɗe a Gagi ta Sakkwato a 2012. An gina fiye da ɗari, da yawa sun koma kufai. A 2023 kuma an kafa hukumar almajirai ta ƙasa. Muna nan muna kallon hanya.

Ustaz Mai Keke

Tun jiya nake karanta ku ban tanka ba. Ni ne wanda ake zancen a kansa, aji uku nake riƙe da su a Islamiyyar unguwarmu.

Kowa ya yabi ilimin addini,
Yabo kam mun sha, ya cika ƙwarya.

Na kai yabon nan wurin mai awo,
Ya ce ba ya karɓa, ya yi min dariya.

Kuɗin wata naira ɗari biyar ne,
Shi ma sai mun aika, mun cire kunya.

Uban da ke kai dubu hamsin boko,
Tun kafin a koma, ba ya jayayya,

In ya zo gare mu: "Allah gafarta Malam,
Ladanku na can, ku bar ta duniya."

Da safe Keke Napep nake ja,
La'asar in ɗau alli da tsintsiya.

Abokina da ya fi ni tajwidi,
Yana Kantin Kwari yana ɗaukar kaya.

In irinsa sun ƙare a cikin aji,
Wa zai gyara wa jikanku aya?

Kakanninmu sun san kuɗin Laraba,
Da damin kaka, ba su bar Malam da tsiya.

Kullum ni ke biya wa 'ya'yanku,
Baban Ummi, kai yaushe ka biya?

Baban Ummi

Innalillahi. Ustaz, na tashi na ɗauko katin Ummi daga jakarta. Ba a sa masa hannu ba tun watan Rajab.

Na zo da ƙara, an kama ni dumu-dumu,
Wata huɗu cur ban kai ko ɗaya.

Na lesin kuwa ban taɓa latti ba,
Malama, ki rufa, kar ki yi dariya.

Gwaggo, na ɗauki taki shawara,
Asabar da Lahadi, ta ci gaba da Iziyya.

Gobe da la'asar ni zan raka ta,
Da kuɗin a aljihu, da ban haƙuri, da kunya.

Gwaggon Zariya

Ka haɗa da na wata mai kamawa. Ɗan Damagaram, goron nan fari muke so, ban da daushe.