Akwatin saƙon bidiyo na kurame a Amurka: nawa ake biya, kuma wa ke iya ganin saƙon?

Ummu Tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku warware mini. An ce kurame a Amurka suna da wayar bidiyo da ake bar musu saƙo da maganar hannu idan ba su ɗauki kira ba. Na'ura ce daban da ake saya? Kuma idan mai ji ne ya kira, shi da bai iya maganar hannu ba, ta yaya saƙon ke zama bidiyo? Abin da ya fi damuna shi ne sirri, musamman saƙon asibiti ko na banki.

Injiniyan Layi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba wata na'ura daban da ake saya. Saƙon ba ya zama a cikin wayar, yana can rumbun kamfanin da ya ba da lambar, irin su Sorenson, Purple, ZVRS da Convo. Na Sorenson sunansa SignMail. Wayar da ake haɗawa da talabijin ko manhajar salula sauko da shi kawai take yi.

Saƙon iri biyu ne. Idan kurma ya kira kurma, gaisuwar bidiyon mai lambar za ta fito, sai mai kiran ya yi maganarsa a gaban kyamara. Idan mai ji ne ya kira, kiran na biyawa ta wurin tafinta: shi zai faɗa wa mai kiran abin da gaisuwar ta ce, sannan ya mayar da saƙon zuwa maganar hannu ta Amurka, wato ASL, a naɗa. Don haka fuskar tafinta ce za a gani, ba ta mai kiran ba.

Maganar kuɗi kuwa, kurma ba ya biyan ko sisi kan tafinta ko ajiyar saƙo. Dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ce ta wajabta hidimar isar da kira tsakanin kurma da mai ji ta hannun mutum na uku, hukumar sadarwa ta FCC ta amince da ta bidiyo a 2000. Kamfanonin waya ke zuba kuɗi a wani asusu, daga nan ake biyan kamfanin bidiyon kan kowane minti na tafinta. Naka shi ne intanet da wuta. Lissafin data mai sauƙi ne: bidiyo mai gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 7.5 a minti, na kilobit 512 kuma kusan megabait 4.

Tafinta Mai Ritaya:
Injiniya ya yi bayani, amma kalmar "kyauta" tana da wutsiya. Kafin a ba ka lamba mai alƙalumma 10, tsarin da aka fara a ƙarshen 2008, sai ka yi rajista da cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, da alƙalumma huɗu na ƙarshe na lambar inshorar zaman jama'a (Social Security, lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), ka kuma shaida cewa kana da lalurar ji ko ta magana. Adireshin ba ado ba ne, da shi ake nemo ka idan ka kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, saboda haka wanda ya tashi daga gida ya gyara shi a ranar.

Ta ɓangaren tafinta dokar tana da tsauri. FCC ta haramta masa bayyana abin da aka faɗa, ta kuma hana ajiye abin da hirar ta ƙunsa bayan kira ya ƙare. Sai dai saƙon da aka bari dole a ajiye shi, ai amfaninsa ke nan. Nan ne ya kamata a karanta sharuɗɗan kamfani a ga kwana nawa saƙo ke yi kafin ya goge, da ko gogewa a waya na nufin gogewa a rumbu.

Amma a gaskiya inda sirri ya fi tsiyayewa cikin gida ne. Saƙon murya kana iya manna waya a kunne. Saƙon hannu kuwa, in ka buɗe shi a talabijin ɗin falo, duk wanda ya iya ASL zai karanta shi daga bakin ƙofa, har ta gilashin taga. Saƙon likita a buɗe shi a salula. Gaisuwa kuma a naɗe ta a gaban bango mara komai, domin duk wanda ya buga lambar zai gan ta, har 'yan damfara. Kada kalanda, takardar asibiti ko hoton yara su fito a baya. Kuma kada a ce "mun yi tafiya sai wata mai zuwa".

Masu barin saƙo ta tafinta, ku maimaita lambar waya da sunan magani sau biyu a hankali. Harafi-harafi ake rubuta su da yatsu, kuma bayan an katse babu wanda za a tambaya.

Injiniyan Layi:
Gaskiya ne, Malama, kuma a wurin rubutun yatsun ne bidiyo mara kyau ke tona kansa. Tun 1999 ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawarar hotuna 25 ko fiye a daƙiƙa don maganar hannu. In suka ragu sosai, haruffa na ɓacewa tsakanin hoto da hoto. Yawanci laifin gudun turawa ne, ba na saukewa ba, sai kuma rashin haske: a duhu kyamara kan rage saurin ɗauka, hannu ya zama hazo. Fitila ta kasance a gabanka, taga kada ta kasance a bayanka. Idan kira na shiga amma allo baƙi ƙirin, a duba rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, a kashe saitinta mai suna SIP ALG da ke kula da kiran intanet, in bai yi ba a bar Wi-Fi a sa kebul.

Wanda zai koma wani kamfani yana iya tafiya da lambarsa, amma kada ya ɗauka tsoffin saƙonni za su biyo ta. Ya ajiye masu muhimmanci tun kafin ya nemi sauyi.

Ɗan Manhaja:
Hajiya, in duka ɓangarorin sun iya maganar hannu, ba lallai a bi ta kamfanonin nan ba. Tun iOS 17 a 2023, FaceTime na ba da damar barin saƙon bidiyo in ba a ɗauka ba, WhatsApp ma yana da gajeren bidiyo na daƙiƙa 60, a kulle daga waya zuwa waya. Kiran da tafinta ke tsakiya ba zai taɓa samun irin wannan kullewar ba, tunda dole mutum na uku ya gani. A WhatsApp ɗin dai a shiga saiti a kunna kulle ajiyar Google Drive ko iCloud, don ba a kunne yake zuwa ba. Sai dai asibiti da banki lamba suke bugawa, ba FaceTime ba, don haka ba a rabu da akwatin kamfani ba. A sa masa kalmar sirri tasa ta daban, a kuma duba imel ɗin da sanarwar saƙo ke shiga, kada ya zama wanda duk gida ke buɗewa.